SHIN AIKIN LAUYA LAUYA GASKIYA NE?

'Yan'uwana 'yan makaranta, da ku iyayenmu da wannan mujalla za ta iske a gida, ina roƙon ku ara mini hankalinku na ɗan lokaci, don in faɗi ra'ayina a kan wata sana'a wadda mutanenmu da yawa ke yi wa kallon hadarin kaji. Sana'ar kuwa ita ce ta lauya, musamman lauyan nan da ke tsayawa gaban alƙali ya kare mutumin da ake tuhuma da aikata laifi.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata 'yar magana da ta shiga tsakanina da kakana a hutun da ya wuce. Muna zaune a zaure bayan la'asar, sai ya tambaye ni abin da nake so in zama idan na gama makaranta. Na ce, "Baba Tsoho, lauya nake so in zama." Ya ajiye carbinsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ɗan nan, duk sana'o'in duniya ka rasa wadda za ka zaɓa sai ta ƙarya? Ai sunansa ma ya tona masa asiri. Lauya, mai lauya gaskiya ta koma ƙarya. Mutum ya ga ɓarawo ƙiri-ƙiri, ya karɓi kuɗinsa, ya je gaban alƙali ya ce bai yi sata ba!" Abokan hirarsa suka kwashe da dariya. Ni dai na sunkuyar da kai, don ko da akwai wasa tsakanin jika da kaka, ba a ja-in-ja da manya gaban baƙi. Amma tun da makaranta ta ba mu wannan fili, bari in amayar da abin da na haɗiye a ran nan.

Zan fara da abin da idona ya gani. Ina aji ɗaya na sakandare, wani kawuna ya je kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ya sayo bijimi don ya yi kiwo. Da rana tsaka ya saya, a hannun dillali, gaban mutane, ya biya kuɗi cif, ya kuma biya la'ada. Bayan wata biyu sai wani mutum ya zo ya ce bijimin nasa ne, sace shi aka yi daga garkensa. Aka kama Kawu bisa tuhumar karɓar kayan sata. Aka rubuta wata takarda da Turanci aka ce ya dangwala yatsa, shi kuwa ya dangwala, don a zatonsa labarin da ya bayar ne aka rubuta. Ashe a cikin takardar an ce wai ya amsa ya san bijimin na sata ne. Daga nan aka wuce da shi gidan yari, ya zauna jiran shari'a har wata biyar. Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta cinye gonarsa, mahaifiyata ta sayar da awakinta uku don a ciyar da iyalinsa.

Da ƙyar aka shawo kan dangi suka yarda a ɗauki lauya, don wasu cewa suka yi asarar kuɗi ce kawai. Wani matashin lauya ne ya karɓi aikin. Ban ji ya koya wa Kawu ƙarya ko ɗaya ba. Tambayoyi kawai ya yi ta yi: A ina ka saya? Wane ne dillalin? Nawa ka biya? Su wa ke wurin? Ya hau mota ya tafi Mai'adua da kansa, ya nemo dillalin da mutum biyu da aka yi cinikin a gabansu. Ran shari'a ya tambayi wanda ya rubuta takardar nan, shin wa ya karanta wa wanda ake tuhuma ita da Hausa kafin ya dangwala yatsa? Aka rasa amsa. Ya kuma bayyana wa kotu cewa a doka ba a kama mutum da laifin karɓar kayan sata sai an tabbatar ya san na sata ne, ko kuwa yana da dalilin da zai sa ya zaci haka. Wanda ya sayi dabba a kasuwa, da rana, a kan kuɗin da ake sayar da irinta, ina dalilin zato? Aka sallami Kawu. Bijimin kuwa aka mayar wa mai shi, don ya kawo shaidu a kan alamunsa, kuma lauyan da kansa ya gaya wa Kawu cewa haƙƙin mai shi ne, sai haƙuri. To jama'a, a cikin wannan labari ina aka lauya gaskiya? Ai gaskiyar ce aka tarar a lauye, lauya ya miƙar da ita.

Ban ga laifin kakana ba ƙwarai, domin tsoron lauya yana da asali a ƙasarmu. A zamanin En'e, mutumin Daura idan yana da shari'a gaban alƙali yake zuwa, ko majalisar Sarki, kuma doka ba ta ba lauya izinin tsayawa a waɗannan kotuna ba. Sai a tsakanin 1967 da 1968 ne gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e. Ga shi kuma mun makara wajen shiga wannan karatu. Lauyan farko ɗan Nijeriya, Sapara Williams, ya zama lauya a Ingila tun 1879, amma Arewa ba ta sami nata na farko ba sai 1955, wato Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq mutumin Ilori. Saboda haka iyayenmu sun tashi suna ganin lauya baƙo ne, mai hular gashin doki da baƙar riga, mai magana da harshen da ba su ji. Abin da mutum bai sani ba kuwa, dole ya yi masa mummunan zato.

Amma kada mu manta, daga baya jiharmu ta fitar da manyan masana doka da ƙasa duka ke alfahari da su. Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello, haifaffen Katsina, ya zama lauya a Landan a 1956, shi ne kuma ɗan Arewa na farko da ya riƙe muƙamin Babban Jojin Nijeriya, daga 1987 zuwa 1995. Marigayi Mamman Nasir, Galadiman Katsina, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya daga 1978 zuwa 1992. Dukansu sai da suka zama lauyoyi kafin su hau kujerar alƙalanci. Idan muna girmama alƙali, me zai sa mu raina tsanin da ya taka ya hau?

Yanzu bari mu duba abin da doka ta ce. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi ne har sai an tabbatar da laifin a kansa. Ya ba shi ikon ya kare kansa da kansa ko ya ɗauki lauyan da yake so, ya kuma ba shi ikon samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Sashe na 35 kuwa ya ce wanda aka kama yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauyansa, kuma in ban da manyan laifuffuka masu hukuncin kisa, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Duk waɗannan haƙƙoƙi suna nan a rubuce. Amma manomin Baure ko makiyayin Zango, wanda bai taɓa ganin littafin ba, wa zai buɗe masa shi? A ɗaya gefen akwai gwamnati da 'yan sandanta da masu gabatar da ƙararta, duk masana doka. A nasa gefen shi kaɗai ne, cikin tsoro. Ko a dambe ba a haɗa ƙato da yaro a ce an yi adalci. Ba banza ba ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Saboda irin wannan ne gwamnati ta kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a a 1976, don ta samar wa marasa hali lauya kyauta, sai dai lauyoyinta sun yi wa jama'a kaɗan ƙwarai.

Wani zai ce, to wannan dokar Nasara ce, mu kuwa Musulmi ne. Ga amsa daga cikin jiharmu. A ranar 22 ga Maris, 2002, kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke wa wata bazawara mai suna Amina Lawal, mutuniyar ƙauyen Kurami, hukuncin jefewa, saboda ta haihu ba ta da aure. A wannan zama ba ta da lauya. Aka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a ta Funtuwa, ita ma ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta na shekarar. Lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da abokan aikinsu, ba su karaya ba, suka wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Katsina. Abin lura a nan shi ne, ba su je sun soki Shari'a ba. Da littattafan fiƙihun Malikiyya suka yi aiki. Suka nuna cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai, alhali dokar jiha ta ce ya zauna da mutum biyu. Suka nuna cewa wanda ya yi iƙirari a laifin haddi yana da ikon janye iƙirarinsa. Suka kuma kawo mas'alar kwantaccen ciki, wadda malaman Malikiyya suka yarda da ita, cewa ana iya danganta ɗan da sakakkiyar mace ta haifa ga tsohon mijinta har zuwa shekara biyar. A ranar 25 ga Satumba, 2003, alƙalai huɗu daga cikin biyar suka soke hukuncin, aka sallame ta.

Ku duba fa, alƙalan Shari'a ne suka yanke wannan hukunci, da hujjojin Shari'a. Malamanmu na Islamiyya sun koya mana cewa kawo hujja yana kan mai da'awa ne, kuma ana kawar da haddi idan akwai shubuha. Sun koya mana cewa wakilci a shari'a halal ne, har Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu ke dogara da shi tun tale-tale, yana da babi a kan wakili. Ashe ke nan lauyan da ya tuna wa kotu waɗannan ƙa'idoji taimakon alƙali ya yi, don kada a zubar da jini bisa kuskure.

Saura babbar tambaya, wadda na san tana ran kowa. Yaya batun wanda ya aikata laifin da gaske? Jiharmu ta sha wuya a hannun ɓarayin shanu da masu satar mutane, kuma wanda aka kashe wa ɗan'uwa ba zai ji daɗin ganin lauya tsaye kusa da wanda ake zargi ba. Ni ma ba zan ce abin ba ciwo ba. Amma mu tambayi kanmu, ta yaya za a san mai laifin na gaske in ba a yi shari'a ba? Ran da aka kama Kawu, rabin unguwarmu sun gama yanke masa hukunci. Ba a rubuta wa kowa laifinsa a goshi ba. Aikin lauya shi ne ya tilasta wa mai ƙara ya kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba. Idan hujjar ta tsaya da ƙafarta, lauya ba shi da yadda zai yi da ita, sai dai ya roƙi sassauci. Idan kuwa ta faɗi da tambaya biyu, to dama bai kamata a ɗaure ɗan mutum da ita ba. Kuma ku tuna, duk ran da aka ɗaure marar laifi, ɓarawon na ainihi yana can yana yawonsa.

Ka'idojin aikin lauya sun hana shi yaudarar kotu. Idan wanda yake karewa ya gaya masa a asirce cewa ya aikata, ba zai tona shi ba, don amana ce, amma kuma an hana shi ya kawo shaidar zur, ko ya ƙirƙiro cewa mutumin yana wani gari a ranar, ko ya ɗora wa wani bawan Allah laifin. Ban ce duk lauyoyi ke kiyaye wannan ba. Akwai masu cin kuɗin mutane su yi ta neman a ɗaga shari'a, akwai masu sayar da amana. Amma wace sana'a ce babu ɓaragurbi? Don wani mahauci ya sayar da mushe ba a ce a daina fawa ba. Su ma lauyoyi suna da kwamitin ladabtarwa wanda ke da ikon soke sunan mutum daga rajista, ya bar aikin ke nan.

To, yaya ake zama lauya? Ga 'yan'uwana masu sha'awa, hanyar tana da tsawo, kuma daga ajin da muke zaune take farawa. Da farko sai ka ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, kuma yawancin jami'o'i suna neman Adabin Turanci. Sa'an nan ka ci jarrabawar JAMB da maki mai yawa, don masu neman gurbin sun fi guraben yawa. Daga nan sai shekara biyar a jami'a. Kusa da mu akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda sashenta na shari'a yake Kongo. Nan gida Daura kuma muna da Kwalejin Yusufu Bala Usman, wadda aka san ta da karatun difloma a fannin shari'a. Difloma tsani ce mai kyau, amma a sani ita kaɗai ba ta mai da mutum lauya, sai ya wuce jami'a ya yi digiri.

Digirin ma bai isa ba. Sai an ƙara shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 1962, ta fara aiki a Legas a 1963. Hedkwatarta tana Bwari kusa da Abuja, tana kuma da rassa, wanda ya fi kusa da mu shi ne na Bagauda a Jihar Kano. A can ake koyon aikin a aikace: yadda ake neman beli, yadda ake yi wa shaida tambayoyi, yadda ake rubuta takardun ɗaukaka ƙara, da ladubban sana'ar. Ana kuma tura ɗalibai kotuna da ofisoshin lauyoyi su ga yadda ake yi. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe, aka kuma tabbatar ba shi da tabon hali, shi ne majalisar dattawan sana'ar za ta kira ta shigar da shi sahun lauyoyi, a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Sai shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Idan ka lissafa, shekara bakwai ke nan bayan sakandare, in ba a yi yajin aiki ba. Wanda kuma ke hangen lambar Babban Lauyan Nijeriya, wato SAN, wadda aka fara bayarwa a 1975, sai ya shekara goma aƙalla yana aikin kafin ma ya nema.

A Nijeriya babu wata takarda ta dabam da ake ba mai kare masu laifi. Duk lauyoyi hanya ɗaya suke bi, ƙwarewa kuwa a bakin aiki ake samun ta, kamar yadda ɗan koyo ke zama gindin maƙeri. A ganina, wanda zai yi wannan aiki a ƙasar Daura yana bukatar abubuwa huɗu da ba a rubuta su a takardar digiri. Na farko, ya san dokokin nan biyu, domin a jiharmu akwai kotunan majistare da babbar kotu masu aiki da dokar Final Kod, akwai kuma kotunan shari'ar Musulunci. Saboda haka kada mu yi wasa da darasin Larabci da na Addini, mun ga amfaninsu a shari'ar Amina Lawal. Na biyu, ya iya Hausa sosai, ya san yadda ake ciniki a kara, da abin da ake nufi da la'ada, da jingina, da aro, don kalma ɗaya da aka fassara ba daidai ba tana iya ɗaure mutum. Na uku, haƙuri da ƙarfin zuciya, domin zai sha zagi daga mutanen da ke ganin ya goyi bayan mugu, kuma yawancin masu neman sa talakawa ne, wani da kwanon gero zai biya shi. Mai neman kuɗi da sauri gara ya nemi wata hanya. Na huɗu, wanda ya fi duka, tsoron Allah. Ilimin doka kamar wuƙa ne, tana yanka rago tana kuma yanka mutum, ya danganta da hannun da ya riƙe ta.

Ina kira ga iyayenmu da su daina hana 'ya'yansu wannan karatu, maza da mata. Hauwa Ibrahim 'yar ƙauye ce daga Jihar Gwambe, ga shi aikinta ya kai har Majalisar Turai ta ba ta lambar yabo ta Sakharov a 2005. Akwai matan da ke tsare waɗanda kunya ba za ta bar su su gaya wa namiji abin da ya same su ba, sai mace 'yar'uwarsu. Idan mutanen kirki suka hana 'ya'yansu shiga sana'ar, ai an bar wa marasa kirki filin ke nan, sa'an nan mu dawo muna kuka. Mu kuma 'yan makaranta, wanda Allah ya ba sa'a ya kai, kada ya maƙale a Abuja ko Legas ya manta da gida. Mutanen Sandamu da Mai'adua da Baure da Zango da cikin garin Daura suna bukatar wanda zai tsaya musu, wanda ya san harshensu da halinsu.

Kafin in koma makaranta na sami Baba Tsoho shi kaɗai, na ce, "Baba, ka tuna lauyan da ya fid da Kawu?" Ya yi shiru ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Wannan ai na dabam ne, ɗan albarka ne." Na ce, "To, irinsa nake so in zama." Ya ɗauki carbinsa, ya ce in je in ci jarrabawa tukuna, sa'an nan mu yi magana. Na ɗauki wannan a matsayin rabin izini, ina kuma nan ina fama da Adabin Turanci don in sami sauran rabin.

Allah ya tsare mu da sharrin da ba mu ji ba ba mu gani ba, ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin. Wassalam.